Ranar da Aka Sauya Mini Kafireto a Rabah

A garejin kamfanin da na yi wa tuƙi a Rabah, har ƙarfe sai da aka koya masa sanin manya. Kamfanin Turawa ne mai sayen gyaɗa da fata, a shekarun ƙarshe na mulkinsu. Motoci biyu gare mu na shiga daji, irin gajerun nan masu jan ƙafa huɗu da rufin tamfol, waɗanda muke kira jif. Dukansu sun tsufa, sai da aka gaji da su a wani wuri sannan aka turo mana. Ɗaya ta Baturen da ke manajan wurin ce, shi ke tuƙa abarsa. Ɗayar ta aiki ce, ita ce a hannuna, ina kai sikeli da buhuna rumfunan awo daga Rabah zuwa Wurno har Goronyo.

Al'adar garejin ita ce, in wani abu ya lalace a motar Bature ba a jiran sabo daga Sakkwato, don sabon yakan daɗe bai zo ba. Sai a kwance mai lafiyar daga tawa a ɗaura masa, ni a ɗaura mini mataccen. Ba wanda ya rubuta wannan doka, ban ma tabbata Baturen ya san da ita ba. Babban makanikenmu ne ya zo da ita daga inda ya koyi aiki. Dattijo ne, kuma kada in ɗauki alhakinsa, ya iya aiki ƙwarai. Amma a wurinsa, yadda ba a miƙa wa baƙo tuwon jiya, haka ba a barin motar Bature tana tari alhali ta yaronsa tana numfashi lafiya. Ladabi yake ganin yana yi. An ɗauke mini taya ta wannan hanya, an ɗauke mini batir, an ɗauke fitila guda. Duk na haɗiye, don ni mutum ne mai tsoron a ce na cika magana.

Abu ɗaya ne ban taɓa zaton za a kai masa hannu ba, shi ne kafireto. Ga wanda bai san mota ba, wani ɗan ƙarfe ne da bai fi tulun yara girma ba, yana zaune a gefen inji, shi ke gauraya fetur da iska ya ba inji ya sha. In ya ba da kaɗan mota ta shaƙe, in ya ba da da yawa ta ƙware. Nawa na rene shi kamar jinjiri. Feturin da ake kawo mana a duro yakan zo da ruwa da tsatsa, don haka ban taɓa zuba shi a tanki ba sai na tace da wata tsohuwar hula ta da na keɓe don wannan aiki. Kowace Jumma'a kafin masallaci nakan kwance kofin kafireton in wanke, in busa ƙofofinsa da bakina, in mayar, in sake kwancewa in duba ko na mayar daidai. Ana yi mini dariya, makaniken ma ya sa mini suna sarkin wasiwasi. Ban damu ba. Motata ba ta taɓa kwana a daji ba, kuma kowa a hanyar nan ya sani.

A shekarar da nake faɗi, damina ta yaudare mu a garinmu Lahodu. Ruwa ya ɗauke gero na fitar da kai, abin da muka girbe bai rufe gindin rumbu ba. Gandu ɗaya muke da yayana tun rasuwar mahaifinmu, tukunya ɗaya ake ɗora wa iyalinsa da nawa, shi ke noma ni ke tuƙi. Da ya ga haka sai ya tafi Goronyo wurin wani kawun mahaifiyarmu ya roƙi aron fadama a bakin gulbi don noman albasa. Tsohon ya ba shi, amma ya ce masa ƙasar nan masu nema sun yi yawa, in ruwa ya janye aka ga fangali babu dashe, zai ba wani. Yayana ya yaɗa iri a wani lambu a Wurno, ya yi ta ban ruwa da jigo har irin ya kai tsawon ɗan yatsa da rabi, kore shar. Ya je Goronyo ya tsara fangalinsa, ya dawo. Abin da zai ci da mu har damina ta zagayo yana cikin wannan irin.

Niyyarsa ya kwashe shi da jakai, mangala biyu yau, ya dasa, ya dawo ya tuge wani. Haka kowa ke yi, don irin albasa in aka tuge shi ba ya son jira. Ni na hana shi. Na ce ranar Alhamis zan kai sikeli Goronyo, bayan motar rabinsa fayau, ya tuge duka da sassafe, kafin azahar yana bakin gulbi. Ya ce shi bai saba ba da amanarsa ga abin da ba ya cin ciyawa ba. Na ce masa wannan motar ni na san cikinta.

Kuma ban yi abin a ɓoye ba. Na kasa barci kan tunanin ko haram ne in ɗora kayan gida a motar kamfani, sai na je na sami Baturen na cire hula na roƙe shi. Ya ce ba komai, in ɗauka. Makaniken yana tsaye a wurin, kunnensa ya ji. Wannan ne abin da har gobe ba zan iya haɗiyewa ba. Ya ji.

Ranar Laraba da la'asar na wanke mota, na cika tanki, na cika galan guda na ajiya, na tafi masaukina. Alhamis da safe na zo na buɗe murfin inji kamar kullum, don ba na tayar da ita sai na leƙa. Na leƙa. Kafireton da ke wurin ba nawa ba ne. Nawa fari ne tas, wannan kuwa baƙi ne, jikinsa duk danƙon fetur, an ɗaure sandar totur ɗinsa da waya. Na waiwaya inda motar Bature ke tsayawa, babu ita, sai sawun taya.

Makaniken yana zaune kan tsohuwar taya yana shan kunu. Na gaishe shi, don ko a ranar ban iya tsallake gaisuwa ba, sannan na ce, "Baba, wa yat taɓa motag ga?"

Ya ce, "Ni na."

"Ina kafiretona?"

"Naka?" Ya kurɓi kunu. "Yaushe kas saye shi? Ko cikin gadonku anka raba maka?"

"Baba, don girman Allah, ina shi?"

"Shina cikin motab Bature. Jiya da marece ta yi mai tari bakin kasuwa, mutane na kallo. Yau ko za shi hwadama halbin agwagi, da baƙo daga Sakkwato. In bar shi shi ji kunya gaban baƙo?"

"Shi yac ce ka cire nawa?"

"Sai ya ce? Kai in ubangidanka ya yi tuntuɓe, jira kakai shi ce ka tare shi?"

Na ce, "Ka san yau za ni Goronyo da kayan mutane. Gabanka niy yi roƙo."

"Kayan kamfani nas sani, sikeli da buhu. Sikeli ba shi ruɓewa." Ya nuna motar da ludayi. "Wanga ma kafireto na. Ɗan tari shikai, ba mutuwa yay yi ba. Ku direbobin yanzu, mota ta yi atishawa sai ku kama salati. Tahi, sarkin wasiwasi, in ta ƙware ka buga mai sifana bisa kai."

Na so in ɗauki ƙwaryar kunun in kife masa a ka, wallahi na so, amma sa'an mahaifina ne. Kuma ko na yi, kafiretona yana can cikin fadama yana kai mutane harbin tsuntsu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san a daidai wannan lokaci yayana yana duƙe a lambun Wurno yana tuge iri, kuma babu yadda zan aika masa ya dakata. Abin da aka tuge ba ya komawa.

Na tayar da ita. Ta tashi, amma da baƙin hayaƙi da warin ɗanyen fetur. Na kama hanya ina sauraron inji kamar mai jinya.

Na iske yayana a bakin lambu ya gama. Ya ɗaure irin dami-dami da kaba, ya jera cikin buhunan algarara da ya jiƙa, fangalin renon kuwa sun koma ƙasa tsirara. Fuskarsa a sake, har da zolaya.

"Direba, ka makara. Na ce ko dokin naka ya ƙi cin dawa."

Na ce, "Yaya, akwai magana." Na gaya masa duka, ban rage ba.

Ya dubi motar, ya dubi buhunan. Ya ce, "Tana tahiya?"

"Tana tahiya, amma ban lamunce ta ba."

"To mi kaka so in yi? In maida su ƙasa ɗai-ɗai? Na sallami mai jakai tun shekaranjiya, ya tahi jidan gero." Ya sunkuya ya ɗauki buhu. "Buɗe min baya."

Na shimfiɗa buhunan kamfani a ƙasa don zafin ƙarfe, muka jera irin a kai, na ɗage gefen tamfol don iska ta shiga. Na sake sauka na duba ɗaurin. Muka tashi.

Har muka wuce Marnona tana tafiya, tana tari tana tafiya. Duk inda na sassauta ƙafa sai ta nemi mutuwa, don haka na riƙe ta da wuta ko a kan gargada, ina jin buhuna suna tsalle a baya, kowane tsalle a ƙirjina yake sauka. Daga nan hanya ta zama rairayi, irin wanda sai an sa ƙaramar giya ƙafa huɗu su ja tare. A nan ta ƙware ta mutu. Na buɗe murfi na ga fetur yana tsiyaya daga bakin kafireto yana ɗiga kan ƙarfe mai zafi. Na ce wa yayana ya ja baya kada wuta ta tashi.

Na buga wa kafireton sifana a ka kamar yadda makaniken ya ce, ba don na yarda ba. Bai daina tsiyaya ba. Sai na kwance kofin. A cikin kofin kafireto akwai wani ɗan gwangwanin tagulla da ke yawo a kan fetur, in kofi ya cika sai ya taso ya toshe ƙofa. Na ciro shi na girgiza a kunnena, na ji fetur yana motsi a cikinsa. Ya huje, ya sha, ya nutse, ƙofa a buɗe take tun daga Rabah. Wannan ba tari ba ne. Kuma wanda ya kwance shi jiya da hannunsa, mai shekaru a kan wannan aiki, ba zai ce bai ji nauyinsa ba.

Na yi abin da na iya. Na shanya gwangwanin a kan murfin inji har feturin ya fita, na nemo hujin, na liƙe da sabulun salo, na goge fulogi da suka yi baƙi kamar gindin tukunya. Yayana yana tsaye da butarsa yana yayyafa wa buhuna ruwan da muka zo da shi na sha. Ta tashi. Muka ɗan taɓa tafiya, har ya fara cewa ai ga shi ta yi hankali, sai sabulun ya saki. Na sake kwancewa, na sake liƙewa. Ban san sau nawa na yi haka ba, na dai san fatar yatsuna ta soye, rana ta take tsaka ta gota, galan ɗin ajiya ya shiga tanki ya bi iska. A wani fako mai ƙayoyi, inda babu inuwa sai ta wata aduwa, inji ya yi shiru irin wanda na gane. Na zura kara a tanki, ya fito a bushe. Man da ke kai ni Goronyo ya dawo da ni Rabah, ta shanye shi ba mu kai ba.

Yayana bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Taho mu ɗauka bisa kai, abin da munka iya."

Na ce, "Yaya, ba ni iya barin mota da sikelin kamfani cikin daji. In wani abu ya ɓace, ɗauri na."

Ya dube ni. Sannan ya ɗora buhu ɗaya a ka, ya rataya ɗaya a kafaɗa, ya ce zai nemo jakai a ƙauyen gaba. Lokacin kaka ne, kowane jaki yana gona yana jidar amfanin mai shi. Sai da ya taka har Goronyo da ƙafa, kawu ya haɗa shi da jakai, suka iso wurina washegari rana ta yi sama. Ni kuwa na sauke buhunan na kai su ƙarƙashin aduwa, na bi inuwa da su duk inda ta juya, na buɗe bakinsu, na rufe, na sake buɗewa, ban san wanne ya fi ba. Ruwa ya ƙare. Tun kafin su iso na fara jin warin. Duk wanda ya taɓa shiga rumbun albasa da ta lalace ya san shi. Na sa hannu a tsakiyar wani buhu na ji zafi kamar tuwo, na zaro hannun da yauƙi.

Jakai suka kwashe buhunan suka yi gaba. Wata babbar motar gyaɗa ce ta taimake ni da mai daga baya, na lallaɓa na kai sikeli rumfar awo, don aikin kamfani dai sai da aka yi shi. Daga nan na gangara bakin gulbi. Na iske yayana da kawu zaune a kan tabarma sun zazzage buhunan, suna tsince mai rai daga cikin ruɓaɓɓe, ɗaya-ɗaya, kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa. Tulin da za a zubar ya kai gwiwa. Na kirkin, har da buhu biyun da ya ɗauka a ka, bai fi ya cika ɗan lungu ɗaya na gonar ba. Ga fangali a tsare reras har bakin ruwa, ya sha wahalar gyara su, duk babu abin sa musu. Neman wani iri kuwa a wannan lokaci, kowa ya tuge nasa ya dasa, wanda ya rage masa kuma ya riga ya yi wa wani alkawari.

Da na koma Rabah ban tsaya gaisuwa ba, karo na farko a rayuwata. Na ciro gwangwanin tagullar na ajiye a gaban makaniken, na ce ya girgiza.

Bai girgiza ba. Ya ce, "Na sani. Don haka nac cire ma Bature shi."

"Ka sani, kas sa min?"

"To wa za ni sa ma? Mota biyu ta, kafireto mai lahiya guda. Kai ka hwaɗa min, wa ya kamata shi samu?"

Na ce, "Wanda za shi nesa da abincin gida biyu, ba wanda za shi halbin agwagwa ba."

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba ma, dariyar wanda yaro ya faɗa wa shirme. Ya ce, "Kai dai ba ka san duniya ba. Albasa ta Allah ta, wata shekara a sake. Bature in ya ɓata rai, ni da kai duka muna waje."

Na faɗa masa maganganu a ranar da ban san ina da su a ciki ba. Na ce masa ya mai da kansa bawa ba a saye shi ba, na ce ko Baturen bai nemi rabin abin da yake ba shi ba. Leburori suka taru suna ba ni haƙuri, ana cewa in dubi furfurarsa. Furfurar na duba shi ya sa na tsaya a baki.

Na je wurin Baturen kuma, na cire hula, na yi masa bayani a hankali don Hausarsa ba ta da yawa. Ya saurara, ya ce kash, ya ce bai sani ba, kuma na yarda bai sani ba. Sannan ya ce lallai motarsa ta yi daɗi a fadama, ba ta yi tari ko sau ɗaya ba, ya yaba mini da iya riƙon inji. Ya ce za a rubuta Sakkwato a aiko da sabo. Bai ce a mayar mini da nawa ba, ni kuma na tsaya ina murza hula, bakina ya kasa roƙa. Da sabon ya zo, motar Bature aka ɗaura wa, don sabo na babba ne. A ranar aka dawo mini da nawa, ya yi baƙi, makaniken ya miƙo mini shi yana cewa, "Ga ɗanka, ka bar kuka."

Amma wannan duk daga baya ne. Kafin nan, ina Goronyo ranar da yayana ya gama dasa ɗan abin da ya tsira. Ya wanke hannu a gulbi, ya zo ya durƙusa gaban kawu ya ce, "Kawu, ga ƙasarka. Ka ba mai iri, kada ta kwana banza saboda ni. Lungun ga da nid dasa, a bar ma wanda zai karɓa, shi yi ban ruwa, in ta yi shi aika ma yara abin miya."

Tsohon ya ce, "Ba ka jira mu ƙara tambaya ko Allah ya sa a dace?"

"Na tambaya har na ji kunya."

Kafin mako ya zagayo an ba wani mutumin garin gonar, kuma ba a sake ba mu aronta ba, don wanda ya karɓa ya riƙe ta da kyau. Yayana ya koma Lahodu ya ɗaure 'yan tufafinsa a buzu. Bai taɓa fita cin rani ba, yana alfahari da haka, yana cewa mahaifinmu bai taɓa barin gida da rani ba shi ma ba zai bari ba. Ya tara matarsa da tawa ya ce su riƙa auna hatsin da ke rumbu da ƙaramar ƙwarya. Ni ya ce mini in kula da yara.

Da safen da zai tafi na zo da motar, don hanyata ta biyo ta nan, na ce ya shiga in rage masa hanya zuwa inda ake samun manyan motocin kudu.

Ya ce, "Ka tambayi Bature?"

Na ce, "Yaya."

Ya ce, "Tahi aikinka, kada ka makara." Ya saɓa sandarsa ya bi sauran masu tafiya, ƙaramin ɗansa yana bin sa da kuka har bakin gari, sai da uwar ta je ta ɗauko shi.